A riƙa ɗora masu cutar daji a kan sikeli

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi ƙari a kan rahoton da kuka buga don Ranar Cutar Daji ta Duniya, 4 ga Fabrairu. Kun taɓo tsadar magani, da ƙarancin injunan gashi, wato masu ƙona ciwon da haske, da yadda mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Duk haka yake. Abin da na duba ban gani ba shi ne maganar abincin majiyyaci. Ni tsohuwar nas ce, na yi ritaya, kuma abin da ya fi damuna a jinyar masu wannan cuta shi ne ramar da ake kallo ana cewa "ai haka ciwon yake".

Ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya na 2022 ya nuna kusan mutum 128,000 ne suka kamu a Najeriya a shekarar, kusan 80,000 kuma suka rasu. Ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ESPEN, ta ce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na mace-macen masu cutar daji tamowa ce sanadinsu, ba ƙarin ba, wato tsiron cutar kansa. Mu kuwa in aka ce tamowa, yara kawai muke tunawa.

Ramar mai cutar daji ta bambanta da ta mai yunwa. Ƙarin yana tayar da wani kumburi a cikin jiki wanda ke narkar da tsoka, ya kuma kashe sha'awar abinci. Shi ya sa idan ramar ta yi nisa, ko me aka ɗura wa mutum da wuya ya mayar da jikinsa. Tun da wuri ake tarar ta. Sai kuma magani ya zo da tasa wahalar. Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar da ake sa wa a jini, kan kawo tashin zuciya da amai da gudawa da gyambon baki, wani ma nama ya koma masa ɗanɗanon ƙarfe. Wanda ake wa gashi a wuya ko a baki yawunsa kan ƙafe, haɗiyar ruwa ma ta zama aiki. Masu ciwon a maƙogwaro, ko tumbi, ko huhu, su ne suka fi saurin zubewa.

To me ke biyo baya? Da nauyin mutum da tsayinsa ake lissafa yawan kemo da za a yi masa. Jikin da ya zube ba ya jure maganin, sai a ɗage ranar allura, ko a rage ta, ko a dakatar. Wanda aka yi wa tiyata ɗinkinsa ya ƙi warkewa. Iyali sun sayar da gona da dabbobi sun biya kuɗin magani, ga maganin a ajiye, jikin da za a sa wa ne babu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Edita, shi ne sau da yawa mu 'yan uwa ne muke ƙara ramar da hannunmu, kuma da kyakkyawar niyya. Da zarar an ji sunan cutar, masu ba da shawara sun taso: kada ya ci nama, kada ya ci ƙwai, kada ya sha madara, kada ya taɓa sukari, wai duk suna ciyar da daji. Wani ya ji a WhatsApp, wani a wajen mai magani a kasuwa. Na sha ganin majiyyaci an bar shi da farin koko da ruwan jiƙo, 'ya'yansa suna ganin gata suke masa. Gaskiya ne ƙwayoyin cutar suna amfani da sukarin jini, amma haka ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Idan ka hana mutum abinci, jiki zai narkar da tsokarsa ya samar da sukarin, ƙarin ya ci gaba da samun rabonsa. Ina jin inda aka samo ruɗanin shi ne gargaɗin da masana suka yi a 2015 cewa yawan cin sarrafaffen nama, irin na gwangwani, yana jawo kansar hanji. Wannan shawarar rigakafi ce ga mai lafiya. Ba a ɗora ta kan wanda wandonsa ke zamewa daga ƙugu.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Ƙa'idar da masana suka fitar ita ce kalori 25 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyin majiyyaci a rana, da sinadarin gina jiki, wato furotin, giram 1 zuwa 1.5 a kan kowane kilo. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar giram 60 zuwa 90. Ƙwai ɗaya giram 6 ne ko kusa da haka. Sai mai karatu ya auna abin da kofin koko zai tsinana.

Ba sai an sayi madarar gwangwani mai tsada daga kemis ba, ko da yake tana da amfani ga mai hali. Abin da ke madafinmu ya isa a fara: kunun gyaɗa da madara, alala da ƙwai a ciki, awara, faten wake mai laushi, kifi, dambun nama, fura da kindirmo. Garin nan na gero da waken suya da gyaɗa da ake dama wa yara masu rama, babba ma yana yi masa. A ƙara cokalin man gyaɗa ko man shanu a miya. Kada a jira lokacin tuwo a ajiye masa malmala biyu, ganinsu kaɗai zai tayar masa da zuciya. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Mai gyambon baki a rage masa yaji da tsami da zafi. Kuma a daina faɗan "ka ci mana, so kake ka kashe kanka?" Ba gardama yake ba. A gaya wa likita, akwai maganin tashin zuciya da na ciwon baki.

Tsabta kuma dole ce, domin kemo yana raunana garkuwar jiki. Nonon da ba a tafasa ba, da salak ɗin bakin titi, da naman da ya wuni a faranti, a haƙura da su. Gyaɗa da masara masu fumfuna a zubar, gubarsu tana lalata hanta. Duk wani sassaƙe ko jiƙo da ake sha, a faɗa wa likita, kada a ɓoye.

Idan haɗiya ta gagara, likita ya ce a sa robar abinci ta hanci, mutanenmu sai su ɗauka an fid da rai ne. Sau da yawa robar ce ke riƙe mutum har ya gama gashi, a cire ta. Haka azumi: aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba marar lafiya rangwame, amma za ka ga dattijo yana tsakiyar kemo ya nace sai ya yi, yana jin kunyar jikoki su gan shi yana ci. Malamanmu su taimaka da wannan a wajen tafsiri. Wanda ciwonsa ya kai gargara kuwa hukuncinsa daban ne, a ba shi abin da ransa ke so ba tilas.

Roƙona ga asibitoci ƙarami ne: duk zuwan da majiyyaci ya yi a ɗora shi a sikeli, a rubuta a katinsa. Wanda ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida, wato sama da kilo 3 ga mai kilo 60, a tura shi wajen masanin abinci nan take. Cibiyar bincike da jinyar cutar daji ta ƙasa, NICRAT, da masu kula da asusun tallafa wa masu cutar daji na gwamnatin tarayya su sa abinci a cikin lissafinsu. Gashi kan ɗauki mako biyar zuwa bakwai, kwana biyar a kowane mako, kuma da yawa daga ƙauyuka masu nisa suke zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja. Kuɗin mota da masauki sun cinye guzuri, sai shayi da burodi.

Ku kuma, Edita, don Allah ku riƙa tace tallan masu maganin da ke gindaya wa marar lafiya sharaɗin barin abinci, kuma ku ba wani masanin abinci fili a shafinku na lafiya ya amsa tambayoyin masu jinya da Hausa.

Na gode.

Taku,
Wata tsohuwar nas, daga Zariya