Godiya ga kamfanin da ya kawo mana antibodin RAGE mai aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan kamfanin da ke kawo wa ɗakin gwajinmu kayan aiki daga Legas, musamman Malamar da ke amsa tambayoyin masu bincike.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda akwai 'yan'uwana ɗalibai da malamai da yawa a jami'o'inmu da suka riga suka yanke ƙauna, suna ganin duk mai sayar da kayan gwaji a ƙasar nan kuɗinka kawai yake so. Malamar ta nuna ba ta son a ambaci sunanta, don haka na bar shi, amma ita da abokan aikinta sun san da su nake.

Aikina na digiri na uku a kan ƙoda ne, yadda ciwon suga ke cin ta sannu a hankali har mutum ya kai ga wankin ƙoda. Idan suga ya daɗe yana yawa a jini, yakan manne wa furotin na jiki, daga nan a samu wasu sinadarai da ake kira AGE. Irin wannan haɗuwa ta suga da furotin ce masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana tun 1912, ita ce ke sa ɓawon burodi ya yi ja a tanda, sai dai a jikin mutum tana ɗaukar shekaru. Waɗannan sinadarai suna da makarɓi a bangon ƙwayoyin halitta, sunansa RAGE, wanda Ann Marie Schmidt da David Stern da abokan aikinsu na Jami'ar Columbia a birnin New York suka gano a 1992, daga huhun shanu. Da zarar AGE ta zauna a kansa, sai ya tayar da NF-κB, wani furotin da ke kunna kumburi a cikin ƙwayar, kumburi ya tashi, shi kuma NF-κB ya sa ƙwayar ta ƙara yin RAGE, abu ya yi ta ciyar da kansa. Ba AGE kaɗai ke hawa kansa ba. Furotin ɗin da ake kira HMGB1 na hawa, furotin na dangin S100 na hawa, har da amiloid ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer. Shi ya sa ake jin sunansa a binciken jijiyoyin jini da ido da huhu da ƙwaƙwalwa.

To amma RAGE ba ya ganuwa ko a ƙarƙashin madubin likita, sai an sa masa alama. Alamar ita ce antibodi, furotin ɗin garkuwar jiki da ake samowa daga zomo ko ɓera bayan an yi masa allurar wani yanki na RAGE. Yana zuwa a 'yar kwalba, ruwan ciki bai wuce ɗigo biyu ba, kuɗinsa kuwa ɗaruruwan daloli. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu ƙasa da naira 500 a banki ta haura 1,500 a farkon 2024, ka ga ɗalibin da ke haɗa kuɗin bincike daga albashinsa da taimakon 'yan'uwa ba shi da halin saye sau biyu. Idan antibodin ya kama wani furotin daban, duk hoton da ka ɗauka ƙarya ne, ko da ya yi kyau a ido.

Kafin mu san ku mun sha wuya. Dillalin farko ya aiko mana kwalbar ta tasha, a hannun direban motar haya, cikin kwali. Ƙanƙarar da aka sa ta riga ta zama ruwan ɗumi. Babu takardar bayani, lambar rukunin da ke jikin kwalbar ta goge, ba a iya karantawa. Da muka yi gwajin Westan bulot, wanda ke jera furotin bisa nauyinsu, wanda antibodi ya kama ya fito a matsayin layi, maimakon layi ɗaya sai ga layuka reras tun daga sama har ƙasa. Da muka rina sillen ƙoda, ko'ina ya yi ruwan ƙasa, na ɓera mai ciwo da na lafiyayye duk ɗaya. Na kira shi na yi masa bayani cikin ladabi, amsar da na samu ita ce matsalar daga hannuna take, kuma ba a mayar da kaya. Na biyun ya karɓi kuɗi, aka shiga yau da gobe, kullum kayan suna hanya, har zangon karatu ya wuce. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Naman da nake gwaji da shi na ɓerayen da muka yi renonsu watanni ne, muka sa musu ciwon, muka auna sugansu safe da yamma, sannan aka ɗauki ransu domin wannan aiki. Kowane sille da ya tafi a banza ba ya dawowa, kuma akwai hakkin dabbar a kanmu.

Wani malami a sashenmu ne ya ba ni lambarku. Na rubuta muku ne da zuciyar wanda ya saba, ina jiran a turo farashi da lambar asusu. Sai Malama ta kira ni, kuma ba ta fara da maganar kuɗi ba. Ta tambaye ni naman wace dabba nake aiki da shi. Ta tambayi wane gwaji zan yi, bulot ne ko rinin nama, kuma idan rini ne, naman an daskarar da shi ne ko an jiƙa shi a fomalin an saka a kakin farafin. Sannan ta yi mini tambayar da babu wani mai sayarwa da ya taɓa yi mini: wane ɓangare na RAGE nake son gani? Domin makarɓin yana da kai a wajen ƙwayar, yana da wutsiya a cikinta, kuma akwai wani nau'insa da ke yawo a jini babu wutsiya, wanda wani ana yanke shi ne daga bango, wani kuma haka ƙwayar ke fitar da shi. Antibodin da aka yi domin kan zai kama duka, wanda aka yi domin wutsiyar kuwa cikakken makarɓin zai nuna. Ni cikakken nake nema, mai isar da saƙon kumburi zuwa ciki. Wallahi da ta faɗi haka sai na ji hankalina ya kwanta, na san da wadda ta san aikin nake magana.

Wanda na fara nunawa a kundinku ya fi tsada. Ita ce ta hana ni saye. Ta ce, Malam, wannan a naman mutum aka gwada shi, abin da aka rubuta game da ɓera hasashe ne kawai saboda kamannin furotin ɗin, ba a gwada ba. Ta nuna mini wani mai sauƙin kuɗi wanda aka gwada a naman ɓera, aka kuma tabbatar da shi da naman da aka cire wa ƙwayar gadon AGER, wato wadda ke yin RAGE, inda layin ya ɓace gaba ɗaya. Ta rubuta wa masu yin sa a waje ta nemo hoton gwajin ainihin rukunin da za a aiko mini, ba hoton talla na kundi ba. Ta ce in fara da ƙaramar kwalba, idan ta yi aiki sai in sayi babba. Duk wannan ya rage abin da zai shiga aljihun kamfaninku, ta sani, kuma ta yi.

Ba ta tsaya nan ba. Ta tambaye ni ko na ajiye huhun ɓerayen, na ce na ajiye. Ta ce lallai in sa shi a gefe a kowane gwaji, domin huhu ne gaɓar da RAGE ya fi yawa a lafiyayyen jiki, a siraran ƙwayoyin da ke shimfiɗe a jakunkunan iska, ƙoda kuwa kaɗan take da shi sai ciwo ya taɓa ta. Idan huhu bai nuna ba, to laifin ba na ƙoda ba ne. Ta kuma tambayi yadda wutar lantarki take a wurinmu, na gaya mata gaskiya. Ta ce abin da ya fi kashe antibodi shi ne daskarewa da narkewa a kai a kai, wanda shi ne ainihin abin da ɗauke wuta ke yi wa firiza, don haka in raba shi ƙananan kaso tun ranar da ya iso, in bar wanda nake aiki da shi a firji, sauran a firizar da ke kan janareta. Wannan shawara ce ta mutumin da ya san ƙasar da muke ciki.

Kayan sun iso ta jirgi a lokacin da aka ce, da sanyinsu, da takardunsu. A bulot na farko huhu ya ba da layi guda, tsaf, a wajen kilodalton 50 (ma'aunin nauyin furotin), inda ake sa ran ganinsa. Malamina da ya duba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce to yanzu aiki ya fara. Bayan 'yan kwanaki sai ga kiran Malama, tana tambaya ko ya yi, alhali kuɗi ya riga ya shiga tuni. Sakamakon ƙodar ba nan ne wurin faɗarsa ba, sai an kammala an duba, amma yanzu ina da abin da zan iya tsayawa a gaban masu jarrabawa in kare.

Na san matsalar antibodi ba tamu ce mu kaɗai ba. Wani bincike da aka yi a Sweden a 2008 ya gano cewa a cikin antibodi kusan 6,000 na kasuwa, waɗanda ke kama abin da aka yi su dominsa shi kaɗai ba su kai rabi ba. A 2015 Andrew Bradbury da Andreas Plückthun sun rubuta a mujallar Nature cewa ana asarar kimanin dala miliyan 800 duk shekara a duniya a kan irin waɗannan kaya marasa inganci. A 2017 aka gwada antibodi 13 na wani makarɓin istirojin, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata, guda ɗaya tak ya tsallake, bayan an shafe shekaru ana wallafa bincike da sauran. Ƙungiyar YCharOS ta Kanada ma a 2023 ta gwada 614, fiye da rabi suka faɗi a gwaji ɗaya ko fiye. Bambancin shi ne, mai bincike a can yana da kuɗin da zai sayi uku ya kwatanta, yana da wanda zai kai wa ƙara a mayar masa da kuɗinsa. Mu a nan harsashi ɗaya ne a bindigarmu.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka saba da wannan hali har ya daina ba mu tsoro. Ana ba da kwangilar kayan gwaji ga wanda ya kawo farashi mafi ƙasa, ko da jiya siminti yake sayarwa, babu mai tambayarsa ko yana da ɗakin sanyi. Ana kawo sinadari saura kaɗan wa'adinsa ya ƙare. Ɗalibi ya samu hoto mai launi, ya manna a kundinsa, babu huhu a gefe, babu lambar rukuni, babu wanda ya tambaya. Alhali Tarayyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka kudu da Sahara, fiye da rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Waɗannan iyayenmu ne da ƙannenmu, su ne ke layi a ɗakunan wankin ƙoda. Binciken da aka gina a kan layin ƙarya ba zai amfane su da komai ba, kuma duk mai sayarwar da ya san kayansa ba su da kyau ya miƙa wa ɗalibi, yana da kaso a wannan alhaki.

Ina da roƙo guda biyu gare ku. Ku duba yiwuwar buɗe ma'ajiyar sanyi a Kano ko Kaduna, domin mu da ke Arewa har yanzu sai kaya sun biyo ta Legas, kuma zafin bazara ba ya jiran kowa. Sannan idan da hali, ku riƙa turo irin su Malama jami'o'inmu, ko yini ɗaya ne, ta zauna da ɗaliban digiri na biyu da na uku kafin su kashe kuɗinsu. Sashenmu a shirye yake ya ba da ɗaki.

Allah Ya saka wa Malama da alheri, Ya albarkaci iyayen da suka yi mata tarbiyya, Ya ƙara wa kamfaninku kasuwa mai albarka.

Naku,
Ɗalibin digiri na uku a sashen nazarin sinadaran jiki