Wasiƙa Kan Libarbar Hafsan Ingila

Assalamu alaikum, ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, na ga hotunan da ka turo na libarbar nan da za a yi gwanjonta a Landan, wadda ka ce ta wani kyaftin ce na sojan Ingila. Kayan sun yi kyau, ban musa ba. Amma ka riƙe kuɗinka tukuna.

Ƙirar Colt ce ta 1851, mai cin harsashi 6, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma da hannu. Samuel Colt ba'amurke ne, amma ya kafa masana'anta a Landan, wadda aka rufe a 1856. Kasuwarsa ta buɗe ne saboda yaƙin Kirimiya, wanda Ingila da ƙawayenta suka yi da Rasha a lokacin, domin a zamanin hafsan Ingila da kuɗin aljihunsa yake sayen bindigarsa. Shi ya sa ake ganin irin waɗannan bindigogi cikin akwatin katako, ga tulun albarushi, ga abin zuba dalma, ga gwangwanin 'yan hulunan da ke tada wuta, kowane da gurbinsa.

To, abin da ya ɗaga farashin nan shi ne sunan kyaftin ɗin da aka zana a murfin akwatin, kuma a duk kayan babu abu mai sauƙin ƙirƙira kamarsa. Kowane maƙeri zai iya zana suna a jikin tagulla. Akwatin ma yana iya zama na wata bindigar daban, aka haɗa su aure daga baya. Don haka ka ce su nuna maka takarda: rasit, ko wasiyya, ko wata shaida daga magada. Sannan ka binciki tarihin kyaftin ɗin da kanka. Jaridar gwamnatinsu, London Gazette, tana buga naɗin hafsoshi da ƙarin girmansu, kuma akwai kundin sojoji a ma'adanar tarihi da ke unguwar Kew a Landan. In shekarun aikinsa ba su dace da shekarar da aka ƙera bindigar ba, magana ta ƙare. Ka kuma duba lambar da ke jikinta, ta baki da ta gindi da ta abin juyawa, ka tabbata duk ɗaya ce.

In Allah ya sa ta zama rabonka, kada ka goge ta don ta yi ƙyalli. Na san halinka da son tsabta, tun kana yaro haka kake, amma dushewar nan ita ake saye. Kada kuma ka kuskura ka gwada harbi da ƙarfen da ya haura shekara 160. Ka tambayi hukuma dokar ajiye tsofaffin makamai a can, kuma ka cire ran kawo ta gida, domin a nan ba ruwan kwastan da tsufanta, bindiga bindiga ce.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka gama biyan kuɗin haya kafin wannan hidimar. Ni ma ina son jin amsar.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka