Rahoton Ayyukan Shekara: Darasin Gado ta Hanyar Kunkurun Teku

Ƴan uwa malamai, mambobin ƙungiya, assalamu alaikum.

A babban taron bara mun amince cewa bana darasin gadon halitta na azuzuwan ƙarshen lise a nan Maradi zai tsaya kan misali ɗaya har ƙarshen shekara. Kwamiti ya zaɓi koren kunkurun teku, Chelonia mydas. Wasu sun yi ƙorafin cewa ɗaliban da ba su taɓa ganin teku ba me ya haɗa su da shi. Dalilinmu shi ne da wuya a sami dabbar da gadon uwa ya fito fili a jikinta kamarsa.

Macen ba ta yin ƙwai sai a yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ko da bayan shekaru ashirin ko talatin ne. ADN shi ne sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki, na mitokondiriya kuwa (wani ƙaramin sashe na cikin ƙwayar halitta) daga uwa kaɗai ake gadonsa, shi ya sa kowane wurin ƙwai yake da tambarinsa. A Tortuguero ta Kosta Rika nau'in tambarin da ake kira CM-A3 ne ya fi yawa, a Surinam CM-A5, a tsibirin Poilão na Gini Bisau, wanda ya fi ko'ina a Afirka tara masu ƙwai, CM-A8. Amma wurin kiwo daban ne. A Banc d'Arguin ta Muritaniya, inda ciyawar teku ta shimfiɗu cikin ruwa marar zurfi, kunkuru daga wurare dabam-dabam suke cuɗanya. Masu bincike kan yanki fatar wuya ko ta kafaɗa kamar milimita 5, su adana ta cikin alkol mai ƙarfin kashi 96 cikin ɗari, su karanta wani yanki na ADN ɗin, sannan su lissafa kason kowane wurin ƙwai.

Wannan lissafin muka mayar aikin aji, kuma shi ya fi cin lokacinmu. Kofi huɗu, kowanne wurin ƙwai ɗaya, da ƙwaya 20 a ciki. Gyaɗa ta tsaya a madadin CM-A3, masara CM-A5, wake CM-A8. Kofin Tortuguero gyaɗa ta rinjaya, na Surinam masara, na Poilão da na tsibirin Asenshon da ke tsakiyar tekun Atlantika kuwa duka biyun wake, domin haka abin yake a teku. Sai malami ya haɗa ƙwaya 50 a ƙwarya a matsayin wurin kiwo, ya ɓoye yadda ya ɗebo su. Waɗannan adadi na aji ne kawai.

Gyaɗa da masara ba su ba kowa wahala ba. Wake ne ya kayar da kusan kowane rukuni: sai su danƙa shi duka ga Poilão don ita ce mafi kusa da wurin kiwon a taswira. Kusanci ba hujja ba ne. Matan da ke ƙwai a Asenshon a gaɓar Barazil suke kiwo, tafiyar sama da kilomita 2,000. Muna roƙon malamai kada su yi saurin gyara wannan kuskure, su bar ɗalibai su yi gardama har su gane da kansu cewa ƙwayar wake ba ta faɗin kofin da ta fito. Masana ma nan suke cijewa. Shi ya sa suka bar karanta gajeren yankin ADN mai harufa kusan 490 suka koma mai kusan 800, kuma suke saka yawan matan kowane wuri da alƙiblar igiyar ruwa cikin lissafin. Uban kunkurun kuwa ba ya bayyana a wannan gwaji sam.

Aiki na biyu shi ne fitar da ADN daga ayaba, don yara su gani da ido. Rabin ayaba a leda, ruwa mililita 100, rabin ƙaramin cokali na gishiri, cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke. A murje a hankali, a bari minti 10, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a tsiyaya alkol mai sanyi ta gefen kwalba daidai yawan ruwan da aka tace. Farin zare zai taso a tsakani. Inda aikin ya ƙi, dalili uku muka gano: alkol mai ƙarfin 70 maimakon 90 zuwa sama, alkol da ya yi ɗumi saboda an ɗauke wuta firigo ya mutu, da girgiza kwalba har kumfa ta rufe komai. Lokacin zafi a sayi ƙanƙara a binne kwalbar alkol ɗin ciki tun da safe, ya wadatar.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a babban taro. Masu bashin kuɗin wata su biya kafin ranar, domin daga ciki za a sayi alkol da kwalaben gwaji na baɗi. Makarantun da suka karɓi kofunan kuma su dawo da su ba tare da ƙwayar ba, ƙwari sun riga sun shiga waken.

Kwamitin zartarwa