Zuwa ga Aminina a Yawuri

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Ka gaishe mini da Inna. Baba kuwa karanta masa wasiƙar nan za ka yi, don sana'arsa na taɓa, kuma na san sai ya yi dariya har da hawaye.

Ka tuna yadda nake ƙanƙame gefen kwale-kwalenku tun kafin a bar gaɓa? To, ni ɗin nan na sayi jirgi. Kayak ake ce masa a nan Amurka, na roba ne, cin mutum ɗaya, tsawonsa ƙafa 12, filafilinsa baki biyu. Na hannu na samu da sauƙi. Duk Asabar sai in ɗora shi a kan mota in gangara Galveston, wani gari a bakin teku, tafiyar kamar awa ɗaya daga Houston.

Abin da ya fara damuna rashin wurin kaya. Sandunan fatsa, akwatin ƙugiyoyi, homa, gorar ruwan sha, duk a tsakanin ƙafafuna. Akwai ma'ajiyar da ake sayarwa a kanti, amma da na ga kuɗinta sai na ce a kai kasuwa. Na nemo kiret ɗin madara, kamar na lemon gida sai dai cikinsa ba a rarrabe yake ba. Na sayo bututun famfo na roba mai faɗin inci ɗaya da kwata, na yayyanka da zarto, ƙafa ɗaya-ɗaya, na ɗaure su a jikin kiret da 'yar robar nan mai haƙora da in ka ja ba ta komawa. Kowane bututu na ɗan tsaga bakinsa yadda sanda za ta zauna ba ta juyawa. Na kafa kiret ɗin a bayan kujera, na ɗame da igiyar roba.

Da a nan na tsaya, da lafiya lau. Sai son banza ya sa na yi masa bene, na ƙara bututu har shida, na ɗora akwatin ƙugiyoyi can ƙoli. Malam, ka gan shi kamar motar kaya ranar kasuwa! Iska na kaɗawa, ni kuma na waiwaya zan ɗauko homa, sai ji na yi ina shan ruwan gishiri. Allah Ya taimake ni wurin iya ƙugu ne, ga rigar kariya a jikina. Akwatin dai da filaya sun tafi ke nan.

Ina tsaye a jiƙe na tuna yadda Baba ke lodin jirgi: mai nauyi a ƙasa, a tsakiya, ba ya yarda buhu ya ɗara gefe. Da na koma gida na rushe benen. Yanzu bututu uku ne kacal, na karkatar da su baya don kada zare ya maƙale in zan jefa fatsa, kuma kowane abu da igiyarsa. Sukurorin farko ma tsatsa ta cinye su nan da nan, sai da na canza da na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Na manna ma'auni a gefen kiret ɗin, don a Texas sai da lasin ake su, kuma jan kifin nan da suke ji da shi uku aka yarje maka a rana, masu tsawon inci 20 zuwa 28. Ka gaya wa Baba na taɓa mayar da kifi ruwa saboda ya cika girma, in ji me zai ce.

Don Allah ka tambaye shi irin ƙullin da yake yi wa igiyar ɗaure jirgi, wanda ke kwancewa da ja ɗaya. Ka ɗauko hannunsa a bidiyo ka turo mini ta WhatsApp.

Naka har kullum,
Amininka na Houston