Wanda aka yi wa aikin zuciya, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah ku ba ni ɗan fili in ja hankalin 'yan uwanmu na zango da aka taɓa buɗe musu ƙirji aka canza bawul ɗin zuciya, ko a asibitin Korle Bu da ke Accra aka yi ko waɗanda aka yi musu karo-karo a masallaci suka tafi Indiya.

Akwai wata ƙwayar cuta Mycobacterium chimaera, dangin ta tibi ce, a ruwa da ƙasa take zama kuma ba ta cika damun mai lafiya ba. Likitocin Zurich a Suwizalan ne suka fara gano tana shiga mutane lokacin tiyata, ashe daga injin da ke ɗumama jini yana sanyaya shi take fitowa, ruwan tankin ba ya taɓa jinin mara lafiya sam amma fankar injin sai ta watsa ƙwayar a iska ta sauka kan ƙirjin da ke buɗe. A Oktoba 2016 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi gargaɗi kan irin wannan injin mai suna 3T ƙirar Jamus, ta ce a asibitin da aka taɓa samun cutar haɗarin yana tsakanin mutum 1 cikin 100 zuwa 1 cikin 1000. Ba ta da yawa fa, kar wani ya ji wannan ya fasa aikin da zai ceci ransa.

Ni abin da ke damuna shi ne ƙwayar ba ta gaggawa, sai a yi watanni ko shekaru kafin zazzaɓi da zufar dare da rama da kasala su fito, lokacin an ma manta da tiyatar. Mu kuma kun san halinmu, a je kemis a sayi na maleriya, bai tafi ba a ce taifot ne, daga nan sai goggo ta ce ai sammu ne a nemo rubutu. Gwajin nata kuwa na musamman ne, makonni ake jira kafin ta nuna a lab, kuma likita ba zai nema ba in bai san an taɓa ƙirjinka ba. Maganin ma haɗin magunguna ne na dogon lokaci, wani sai an sake aikin.

Don haka mai tabo a ƙirji ya adana takardun asibitinsa, in ya je asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi ko kilinik ɗin unguwa ya fara da cewa an yi min aikin zuciya shekara kaza a wuri kaza. Limamanmu da masu shirin Hausa a rediyo don Allah ku taimaka ku faɗa, dattawanmu da yawa ba sa karanta jarida.

Naku, mai karatu daga Aboabo, Kumasi