Kafin a miƙa ma likita ran mutum, a fara ganin yadda yake duba mara lafiya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma maganar ta cikin gidanmu ce, don ni ma likita ne a nan Maraɗi.

A Sudan na yi karatu, a Khartum, na gama kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya tarwatsa ƙannenmu da ke can. Bak ɗina da Faransanci na yi ta, a aji da Ingilishi ake koya muna, in mun shiga ɗakin marasa lafiya sai Larabcin Sudan, da na dawo gida kuma ordonans da dosiye duk Faransanci, alhali matar da ke zaune gabana da ɗanta a goye Hausa kaɗai take ji. Da na dawo na kai takarduna, aka duba diplom, aka duba tambari da sa hannu, aka yi ekibalans, wato aka daidaita diplom ɗina da na nan gida, na yi rajista. Wata da watanni ina zirga-zirga daga wannan buro zuwa wancan, amma ko rana ɗaya ba a samu wani babba da ya zaunar da ni yace to ga mara lafiya nan, duba shi in gani ba. A lokacin wallahi ban ga aibin hakan ba.

Abin da ya buɗe min ido jarabawar Ingila ce da ake kira PLAB, wadda hukumar likitocinsu GMC take yi ma waɗanda suka yi karatu a ƙasashe irin namu suke son aiki a can. Kafin ma ka kai gare ta sai ka kawo shaidar kana jin Ingilishi, ko IELTS da maki 7.5 ko OET da B. Kashi na farko tambayoyi 180 ne cikin awa 3, ka zaɓi amsar da ta fi dacewa, wannan a Abuja na zauna ta kuma ban sha wahala ba don mu in dai haddar littafi ce mun saba tun muna yara. Kashi na biyu kuwa babu inda ake yin ta sai Manchester, dole ka nemi biza ka hau jirgi, kuɗin jarabawar kaɗai kusan fam 1,000 wato sama da jika 700 na sefa, ba a zo maganar jirgi da masauki da abinci ba. Yayana sai da ya fidda ayar da ya ajiye yana jiran ta yi tsada ya sayar da ita a farashin kaka, Allah ya saka mishi.

Yadda ake yinta, ɗakuna 16 ne za ka bi ɗaya bayan ɗaya. A bakin kowace ƙofa ana ba ka minti ɗaya da rabi ka karanta bayani, ƙararrawa ta buga ka shiga, minti 8 gareka ba ƙari. A ciki akwai mutum zaune, ba mara lafiya bane na gaske, ɗan wasan kwaikwayo ne da aka koya mishi ciwon da zai nuna da abin da zai faɗa da kuma abin da ba zai taɓa faɗa ba sai in an tambaye shi, ga mai ba da maki a gefe yana rubutu ba ya ce maka uffan. Wani ɗakin mutum-mutumi ne na roba ka nemi jijiya ko ka sa mishi robar fitsari, wani ta tarho za ka yi magana da mara lafiyar, wani uba ne ya zo a fusace an yi kuskure a maganin ɗanshi, wani kuma za ka gaya ma mutum an ga ciwon daji a jikinshi. Makin kashi uku ne, yadda ka tattaro labarin ciwo da gwaji, yadda ka tsara magani, sai yadda ka yi mu'amala da mutumin.

Akwai ɗakin da har gobe ba na mantawa. Wata mata ce mai kamar shekara arba'in da wani abu, tace ciwon kai ke damunta. Tana fara bayani na gane ciwon ɓarin kai ne, sai na shiga jero mata tambayoyi kamar mai karanta lissafi, kina amai, haske yana damunki, ɓari guda ne, tun yaushe. Cikin magana tace mahaifiyarta ma da ciwon kai ta fara, ta yi shiru ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta, ni kuma na wuce na tambaye ta ko tana shan taba. Na faɗi sunan ciwon daidai, na faɗi maganin daidai, na gama saura kusan minti biyu muka zauna shiru ina jin daɗi a raina wai na yi sauri. Da sakamako ya fito na faɗi jarabawar, kuma wannan ɗakin yana cikin waɗanda na faɗi, abin da aka nuna min a ɗakuna da dama kusan guda ne, ba na saurare. Sai daga baya na gane matar tsoro ne ya kawo ta, tana zaton abin da ya kashe uwarta ne ya kama ta, ta buɗe min ƙofa da kanta ni kuma na ja na rufe. Da a gaske ne da ta koma gida da ƙwayoyi a jaka da tsoron nan ƙunshe a ciki yadda ta zo da shi.

Na ji ciwon faɗuwar nan sosai, kwana biyu ban iya kiran yayana ba. A ƙa'ida sau 4 ake ba mutum dama. Karo na biyu muka haɗu da wasu likitoci daga Masar da Pakistan da Najeriya a ɗakin haya, kullum ɗaya ya zama mara lafiya ɗaya likita ɗaya mai maki, a saita waya minti 8, tun safe har dare. Abin da muka fi maimaitawa tambaya uku ce da ban taɓa yi ma kowa ba a duk shekarun da na yi ina istaj da gardi, wato koyon aiki da kwanan aiki a asibiti: kai me kake zaton yana damunka, me kake jin tsoro, me kake so a yi maka. Sai gaisuwa, da faɗin sunanka, da neman izni kafin ka taɓa jikin mutum, da cewa mace ko a kira wata ta tsaya tare da mu, da sa mutum ya maimaita abin da ka gaya mishi kafin ya fita. Alhamdulillahi na ci. Aiki a can bai zo da sauri ba, ga tsohuwa ba lafiya, na dawo gida kuma ban yi nadama ba.

To Malam Edita ga inda maganar take. Damina a Maraɗi kowa ya san yadda take, Agusta da Satumba palu ta yi yawa, layin mata tun asuba, ga masassara ga zawo ga tamowa, likita ɗaya ya duba mutum fiye da ƙarfinshi. Wata rana aka shigo da yaro ɗan shekara uku daga wani ƙauye wajen Madarumfa, karo na uku kenan cikin wata guda, an yi gwajin yatsa palu ce dai. Da a da ne zan sake rubuta Coartem, maganin palu, in ce na gaba. Sai nace mata baiwar Allah, ke a ganinki me ke damun yaron nan. Ta yi shiru tana kallona kamar ba da ita nake ba, can sai ta kwance bakin zanenta ta fiddo katin maganin da aka ba ta wancan zuwan, ƙwaya shida ne, huɗu suna nan ba a taɓa ba. Tace likita, ni dai na ba shi biyu jikin ya yi sanyi, sauran na ajiye ma yayarshi don in ta kwanta ba mu da kuɗin kabu-kabu. Ta ƙara da cewa Inna tace ba masassarar sauro bace belu ne, ranar kasuwa za a kai shi wurin wanzami a cire. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa maganin safe da yamma ne kwana uku cur ko da jiki ya yi sanyi, kuma a ba shi da nono ko kunun gyaɗa don ya fi kama jiki. Na yi mata bayani, na roƙe ta a bar belun nan, nace ta maimaita min, ta maimaita tana ƙirgawa da yatsa, na sa aka kawo yayar ma a duba ta. Duk abin bai ƙara min minti uku ba. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƙasa da shekara 5 kyauta, amma in uwa ba ta gane yadda za ta ba da maganin ba ai kamar an zuba ruwa a rariya ne.

Kuma akwai maganar harshe wadda ta fi damuna. In mace tace maka sanyi gareta, ko tsoho yace zuciyarshi ke mishi ciwo, ko ace yaro shawara ta kama shi ko dusa ko yana taune-taune, ko mace tace wata biyu ba ta yi fashin salla ba, wannan duk babu shi a littafin da muka karanta a Khartum ko Aljeriya ko Kuba ko Sin ko Rasha. Suka daban, zogi daban, raɗaɗi daban, murɗa daban, kuma kowanne inda yake kai hankalin likita daban. Turawa sun tilasta min in nuna ina jin Ingilishi kafin in taɓa mutanensu, kuma gaskiyarsu ne. Mu fa? A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, to ina ganin ɗakin likita na cikin wuraren farko da ya kamata a ga amfanin wannan.

Roƙona ga ministan lafiya da ƙungiyar likitoci da malamanmu na jami'a shi ne a kafa irin wannan jarabawa a nan gida, ga duk wanda ya dawo da diplom daga waje, kai har da waɗanda suka gama a Yamai da Maraɗi da Damagaram, don kar ya zama an ware wasu ana musu kallon baƙi. A yi ta da Hausa a nan, da Zabarmanci a inda shi ake ji, a rubuta bayanin da Faransanci. Ba abu bane mai tsada. Wani malami ne Ronald Harden ya fito da tsarin a Dundee ta Scotland a 1975, abin da ake buƙata ɗakuna ne da ƙararrawa da manyan likitoci masu ba da maki da mutanen da za su yi kamar ba su da lafiya, kuma masu wasan kwaikwayo na rediyo muna da su a garin nan birjik. Faransa ma da muka gaji tsarinta ta fara yi ma ɗalibanta irinta a duk ƙasa a 2024, suna ce mata ECOS. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana da sashen kiwon lafiya, ga babban asibiti kusa, wuri bai zama matsala ba.

Na san wani zai ce ai Amurka ma ta soke tata. Haka ne, Step 2 CS da suka fara a 2004, marasa lafiya 12 kowane minti 15, a birane biyar kacal, an dakatar da ita lokacin korona a 2020 aka soke ta gaba ɗaya a Janairu 2021. Amma su ɗalibansu ana gwada su haka tun a makaranta, kuma likita ba ya tsayawa da ƙafarshi sai ya yi shekaru ƙarƙashin manya. Mu kuwa yaro zai gama yau, gobe sabis sibik ta kai shi likitar ƙauye shi kaɗai da majo, wato babban nas, ba mai gyara mishi.

Abin da ba na so shi ne ta zama tarko. Maƙwabtanmu Najeriya hukumar likitocinsu MDCN tana yi ma waɗanda suka yi karatu a waje jarabawa, ana samun da yawa suna faɗuwa iyaye suna ta ƙorafi bayan sun kashe dukiya. Tamu a sa kuɗinta daidai ƙarfin talaka, wanda ya faɗi a nuna mishi ɗaki ɗaki inda ya gaza kamar yadda aka nuna min, a haɗa shi da babban likita wata uku ko shida ya dawo ya sake. Musamman ƙannenmu da yaƙi ya koro daga Ukraine a 2022 da Sudan a 2023, wasu ta intanet suka ƙarasa darussa, ba laifinsu bane, abin da suke buƙata a riƙe hannunsu a ɗakin marasa lafiya ne ba gori ba.

Takardun da muka yi atisaye da su a Manchester suna nan wurina, na fara mayar da wasu Hausa da ciwukanmu na nan, palu da sanƙarau da hawan jini na mai ciki da cizon maciji, kuma duk yammacin Asabar muna zama da ɗalibai huɗu biyar muna gwadawa da agogon waya. Duk malamin jami'a ko ɗalibin da yake so ya neme ni ta hannun jaridar nan, zan ba shi kyauta.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani likita daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi