Rahoton shekara na ƙungiyarmu ta teyatur, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa mambobi, iyayenmu da ke biro da ƙannenmu da sunka shigo bana, barkanmu da ganin ƙarshen shekara.

Wasan da ya ɗauke mu bana dai kowa ya san shi, wato na ɗan ci-rani da ya komo daga Abijan da rediyo da gilashin ido da faransancin da ba ya kai ko'ina, alhali aljihu wayam. Mun fara shi a gidan matasa da al'adu, MJC Albarka Cibau, an yi dariya ba laifi, amma gaskiya inda ya kama shi ne cikin kartiye, a fili bisa tabarmi, don nan Adar da wuya ka samu gidan da ba shi da mutum guda a Kwaddibuwa ko Libiya, har wata gwaggo ta tashi tsakiyar wasa tana rantsuwa da ɗanta muke. Mun kai shi Illela da Badagishiri, kuɗɗin mota mu munka haɗa. Wani dare wuta ta ɗauke, samari sunka haska muna da tocin salula har munka ƙare.

To ga abin dariya da ba daɗi, wanda ke fitowa a ɗan ci-ranin shi ma bayan girbin hatsi ya ɗauki jakka ya tahi Abijan ɗin. Allah ya ba shi sa'a, amma wasan ya bi shi, saboda mu yadda munka gada tun zamanin samariya da su Yazi Dogo, shahararren ɗan teyatur na Nijar, ba a rubutawa, a zauna a tsara labari kowa ya zuba nashi daga kai. Shi ya sa ranar 18 ga Disamba, bikin Jamhuriya, ba mu fito ba, ba wai kasala ba ce kamar yadda ake faɗi a fada.

Damina kam ba a yi komai ba, kowa na gona, sai ɗan guntun wasan dashen itace na 3 ga Agusta.

Shawarar biro ita ce daga yanzu kowane matsayi mutum biyu su riƙe shi, kuma a riƙa ɗaukar gwaji da waya. Mata har yanzu sun yi muna kaɗan, namiji ya ɗaura zane yana ba da dariya amma ba kullum ba, don Allah iyayenmu ku taya mu yi wa magidanta magana.

Kuɗɗin wata kuma, masu bashi sun san kansu, ma'aji zai zo da littafi ranar taro bayan la'asar.